Gadon Iya da Kaurin Bango

Duk sanda na zana gida a kwamfuta, na zo fitar da faɗin ɗakuna, sai manhajar ta tambaye ni: daga tsakiyar bango za a auna, ko daga cikin ɗaki? Abokan aikina latsawa suke yi su wuce. Ni kuwa sai in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, in koma gidanmu na Kafin Maiyaƙi.

Ina 'yar firamare damina ta kayar da ɗakin kakata, wadda muke kira Iya. A bayanta nake kwana, a kan gadonta na ƙarfe mai rumfa, wanda marigayi kakanmu ya saya mata. Da rani ya yi, Baba ya auna gadon da igiya, ya ƙara wurin salla da na randa, ya shata ɗakin a ƙasa da fartanya. Magini ya zo ya jera tubali a cikin shatin, ba a wajensa ba. Kun san ginin ƙasa da kaurin gindi. Bango ya cinye ɗakin ta kowane gefe, babu wanda ya lura.

Ranar tarewa aka kwance gadon aka shiga da shi, ya ƙi ɗauruwa. Abin da ya rage bai wuce taƙi ba. Baba ya ce a kai wa maƙeri ya rage ƙarfen.

"Gadon mahaifin naka za a yanke?" in ji Iya. "Bar shi. Gobe a ɗora mini shi a mota, in koma Tudun Wada wurin ƙanwarka."

Iya ba ta maimaita magana. Na shige bayan rumbu na sha kuka, don na san ba za a bar ni in bi ta ba.

Innata ce ta tashi, ita da kunyar surukuta ba ta barin ta ɗaga ido gaban Iya. Ta jiƙa gindin bangon, ta hau kankare shi, ni ina kwashe laka da tsohuwar ƙwarya. Magini ya leƙo ya dafa bangon, ya ce ba zai faɗi ba. Kafin la'asar gado ya zauna daram.

Iya ta hau, ta danna katifa, ta harare ni. "Taho, ƙawata. Kin cika mana gida da majina."

A ɗakin nan ta ƙarasa kwanakinta, ina gab da gama sakandare.

Bana na zana wa Inna ɗaki na bulo da siminti, wanda ba ya kankaruwa. Kafin in ja layi, na je na auna gadonta da hannuna, na bar fili wadatacce a gefe. Ta tambaye ni na mene ne. Na ce na 'yata ne, bayan salla zan kawo mata yaye.