Muryarta Kaɗai Na Sani

Sallama gare ku masu shirya wannan mujalla da masu karanta ta. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan fili, yau na ce bari ni ma in sauke abin da ya daɗe a raina.

A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce, 'yar manomi a wani ƙauye na yankin Bagwai, kuma ni ce ta farko a zuriyarmu da ta karanta shari'a. Na gama jami'a, na gama makarantar horar da lauyoyi, na yi bautar ƙasa a kudu, sannan na dawo gida da baƙar riga da hular lauyoyi a ƙasan akwati, ba aiki. Garinmu irin garuruwan nan ne da gona ke manne da gona, in ka zagaya bayan katangar gidanmu a cikin kunyar gero ƙafarka za ta sauka. Kowa ya san kowa. In na fita ɗiban ruwa sai mata su ce ga lauya nan, wasu da alfahari, wasu kuwa da wata 'yar dariya da nake gane ma'anarta. Baba bai taɓa yi mini gori ba. Amma in ya dawo daga gona ya same ni muna ɓarar gyaɗa da Inna, sai ya ɗan tsaya ya dube ni ya wuce, kuma wannan kallon ya fi mini faɗa zafi.

Ba mu da wani babba a birni da zai ɗaga waya ya ce a ɗauke ni, don haka wayata ce ta zama mini hanya. Na buɗe shafi a dandalin da ma'aikata ke tallata kansu, na shiga zaurukan lauyoyi a shafukan sada zumunta, ina bibiyar duk sanarwar neman ma'aikata. Sabis ba ya kamawa a cikin gida, sai a gindin wata ɗorawa da ke bakin gonar Baba. Kullum bayan la'asar can nake zuwa in zauna a kan saiwarta, in tura takarduna ofisoshin lauyoyi, in dawo in jira. Mafi yawa ba sa ko amsawa.

Wata rana, don takaici, na rubuta ɗan bayani a shafina a kan abin da nake gani a garinmu, yadda mace za ta rasa miji ta kuma rasa gonar marayunta, saboda an yi ciniki ko jingina da baki ba a rubuta ba, shaidun kuma sun mutu. Ban ambaci kowa ba. Mutane kaɗan ne suka karanta, amma a cikinsu akwai wata mata da ta yi mini gyara a wuri guda cikin ladabi, sannan ta biyo ni ta saƙo. Hoton da ke shafinta tsoho ne, har ya ɗan dusashe, tana sanye da kayan lauyoyi. Ta ce ta daɗe tana aikin lauya a Kano, yanzu ta ɗan huta a gidanta a yankin Ungogo. Ta tambaye ni inda nake aiki, na ce ina nema. Na riƙa kiranta Hajiya, sai ta ce in bar wannan, in ce Anti.

Daga nan ta ɗauke ni kamar ƙanwarta. Ba ta son rubutu, saƙon murya take turowa, muryarta a ɗan dashe, tana magana a hankali kamar mai karanta hukunci. Ta sa na bi shafukana ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in cire hotunan bikin ƙawaye daga inda masu ɗaukar aiki za su gani, in goge wani tsohon rubutu da na yi ina ɗaliba inda na zagi hukuncin wata kotu da zafin kai. Ta ce lauya yana da ikon ya ce alƙali ya yi kuskure, amma ba da bakin 'yan tasha ba, kuma duk wanda zai ɗauke ni sai ya leƙa shafina kafin ya ga fuskata. Ta hana ni tura saƙo iri ɗaya ga ofisoshi barkatai. Ta ce in zaɓi kaɗan, in karanta irin shari'o'in da suke yi da abin da manyansu ke rubutawa, sannan in yi musu magana kamar wadda ta san ƙofar da take ƙwanƙwasawa.

Da aka fara kirana intabiyu a wani ofishi a cikin Kano, ban gaya mata da wuri ba. Na tsaya kallon bidiyon wasu matasa masu dubban mabiya, masu koyar da amsoshin da wai ba sa faɗuwa. Na haddace su da Turanci mai santsi. A gaban masu tambaya na zuba haddata tsaf, sai ɗaya daga cikinsu ya ce to, a bar wannan, wace shari'a ce ta taɓa hana ni sukuni. Babu wannan a cikin haddata. Na dawo gida a motar haya ina share hawaye da gefen mayafi. Da na ba Anti labari ta yi dariya har da tari, ta ce ai ni suka kira, ni kuwa na tura musu wata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce daga yau ita ce mai tambaya.

Haka muka shafe damina guda. Ta turo tambaya, in amsa da murya daga gindin ɗorawa, ta saurara ta dawo mini da gyara. Ta ce ina saurin magana in na tsorata. Ta ce in ban san abu ba in ce ban sani ba, in faɗi inda zan nemo shi. Wani lokaci sai ta yanke a tsakiyar magana, in ji shiru na ɗan lokaci kafin ta ci gaba, ni kuwa in ɗora wa sabis laifi. In ta gama aikin sai ta shiga tambayata garinmu. Gero ya fara fitar da kai? An yi ruwa jiya? Kukan me take ji a bayana, tsuntsaye ne ko awaki? Ta ce ita ma 'yar ƙauye ce daga wajen Zakirai, rabonta da taka gona har ta manta, gonakin da ta tarar a unguwarsu kuwa duk sun zama gidaje. Wata rana ta ce kada in yi magana, in riƙe wayar kawai ta ji iska tana kaɗa karan dawa. Na yi mata, ina ganin abin kamar wasa.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta ce in na shigo Kano in biyo ta gidanta. Ta kwatanta mini har inda zan sauka in hau adaidaita sahu. Hanyarmu ta shiga birni ta kusa da unguwarsu take bi. Na sha wuce mahaɗar da ta kwatanta mini ina kallonta ta tagar mota, ban sauka ba. In an tambaye ni dalili yau, kunya ce kawai da girman kai irin na talaka. A shafina na yi kama da 'yar birni, a zahiri kuwa abaya ɗaya gare ni ta fita kunya, takalmina ya sha ɗinki. Na ƙudurta a raina ba zan je mata a matsayin mai nema ba, sai na samu aiki in je da albishir, ta ga wahalarta ba ta faɗi ƙasa banza ba. Duk lokacin da na kawo uzuri sai ta ce ba komai, Allah ya kai mu.

Bayan girbi aka sake kirana a wani ofishin. Wannan karon mun shirya tare. Babban lauyan wurin ya ce ya karanta rubuce-rubucena a kan gonaki da gado, ya tambaye ni yadda zan yi da shari'ar filin da ba takarda. Na amsa da abin da na sani, na faɗi inda sanina ya tsaya. Aka ɗauke ni. Ranar da na gaya wa Baba, ya yi hamdala, ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Anti kuwa ta turo saƙo mafi gajarta da ta taɓa turowa. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To yanzu kuma sai ki zo in gan ki, 'yar ƙanwata."

Na ce mata ina nan tafe. Na koma Kano na zauna a gidan wata gwaggona, aiki ya rufe ni. Safe kotu, yamma ofis, ga kuma shafina da ya fara tara mabiya, ina amsa gaisuwar mutanen da ban sani ba. Saƙonninta suka ragu, suka kuma gajarce, ni ma nakan kwana biyu ban buɗe ba. Yanzu uzurina ya koma in ɗan daidaita, in ɗinka kaya masu kyau, in sayi abin da zan riƙe a hannu. Wata Alhamis ta tambaya ko zan samu zuwa ranar Asabar. Ina da bikin wata abokiyar aiki, sai na ce ta yi haƙuri sai mako mai zuwa. Ta ce Allah ya nuna mana.

A cikin makon nan ina zaune a harabar kotu ina jiran a kira shari'armu, ina latsa waya, sai na ga tsohon hoton nan nata a zauren lauyoyi, an rubuta salati da sanarwar rasuwa a ƙarƙashinsa. An riga an yi jana'iza tun safe. A dandalin da na same ta, a nan na ji mutuwarta, a tsakanin tallar atamfa da sanarwar taro.

Ranar nan na sauka a mahaɗar da na sha wucewa. Tafiyar ba ta kai ta kawo ba, har na ji haushin kusancin wurin. Gida ne madaidaici a ƙarshen layi, mata cike da tsakar gida. Na yi gaisuwa na rakuɓe, ban san yadda zan gabatar da kaina ba. Da wata ƙanwar Anti ta ji muryata sai ta ɗago ta dube ni, ta tambaya ko ni ce ta Bagwai. Ta ce duk gidan sun san muryata. Ta ja ni ɗakin marigayiyar, ta gaya mini Anti ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda, tun kafin mu san juna ba ta iya fita sai asibiti. Daga kan gadon nan take turo mini tambayoyi, in numfashi ya gagare ta ta dakata ta huta. Ta hana kowa ya gaya mini, wai kada in zo don tausayi, ta fi so in zo don ina so. Ƙanwar ta ce duk ranar da Anti ta san na shigo Kano sai ta sa a share ɗakin a kunna turare, ko da zan biyo. Ba da zargi ta faɗa ba, har tana ba ni haƙuri. Ni dai na zauna a bakin gadon na kasa ko kuka.

Yau ina da aikina, ina tsayawa gaban alƙali ba gargada, iyayena sun samu sauƙi. Amma ban san tsayin matar da ta tsayar da ni ba. Ban san yadda fuskarta ke yi in tana dariya ba, ban taɓa riƙe hannunta ba. Wani lokaci in na ci shari'a, ina fitowa sai in ji hannuna ya kai kan waya, sannan in tuna ba wanda zan tura wa. Na san ajali ba ya jiran kowa, zuwana ba zai ƙara mata kwana ba. Abin da ke cina shi ne abu ɗaya ta taɓa roƙona, mai sauƙi, na kuma hana ta.

Ga 'yan'uwana masu neman aiki, musamman sababbin lauyoyi 'yan ƙauye irina, ba zan ce ku guji shafukan sada zumunta ba, domin ta nan Allah ya buɗa mini. Ku tsabtace shafukanku, ku rubuta abin da kuka sani, ku bar haddar amsoshin wasu. Amma ku sani waya takan sa mutum ya ɗauki ɗan'uwansa kamar rijiya, ya zo ya ɗiba ya tafi, bai taɓa tambayar yadda ta kwana ba. Na yi wata da watanni ina amsa tambayoyin Anti, ban taɓa tsayawa na yi mata tambaya ɗaya ta gaskiya a kan lafiyarta ba. In Allah ya haɗa ku da mai taimakonku a can, ku tuna mutum ne mai jiki da ciwo da kewa. In ya ce ku zo, ku je a yadda kuke, ko da hannu rabbana. Wanda ya so ku tun ba ku da komai ba kayan jikinku yake jira ba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata kabarinta, ya kuma sada ni da ita a inda ba a cewa sai mako mai zuwa.