Rigar Gawo

A gidanmu komai da jerinsa. A ci tuwo, a wanke hannu, a ɗaure Dungu, karen kakanmu, a gindin rumbu. Sannan Iya, mahaifiyar babanmu, ta tura karan dawa cikin murhu ta zauna. Wanda ya makara, a baya zai tsaya. Ni "maigida" take ce mini, wai na cika ɗaure fuska kamar alƙali, amma a gefenta nake zama.

Ba ta fara tatsuniya sai ta ji abin da muka gani a kurmi, domin kullum da safe mukan bi kakanmu da Dungu duba tarko. Da bazara mu ce ɗorawa ta nuna. Da damina mu ce ciyawa ta haɗiye kare, jelarsa kawai ake hangowa. Da kaka mu nuna mata bakinmu, baƙi ƙirin da ɗinya. Da rani mu ce ganye ya zube, ana ganin wancan gefen kurmin. Wata rana na tambaye ta me ya sa gawo ke tsayawa tsirara da damina, sai kowa ya bushe shi kuma ya yi kore.

Ta ce, "Matso, ga ta nan ta iso." Muka ce ta shigo.

Wai Ruwa ne ya yi shela zai raba wa itatuwa riguna. Kowa ya zauna jira, ban da gawo. Shi ya ji labarin wata kasuwa a bayan yashi inda riga ta fi kyau, sai ya tafi ci-rani. Da hadari ya haɗu, itatuwa suka aiki kare ya kira shi. Gawo ya ce a gaya musu saura kaɗan. Kare ya sake komawa, ya ce saura kaɗan. Ko da ya iso da rigarsa, an yi biki an watse, kowa ya tuɓe.

"Ya sa rigar, maigida," in ji Iya tana tona garwashi, "amma awaki ne kaɗai suka zo kallo. Baɗi kuma ta tsufa, dole ya koma."

Muka yi ta dariya. Wawa muka ɗauke shi.

Yanzu direba nake a Riyad, a gidan wani Balarabe a unguwar Nasiriya. Iya ta rasu ina nan. Cikin aikina har da fita da karen ɗan kafilina, wato Balaraben da nake wa aiki, abin da ban taɓa faɗa wa mutanen gida ba. Bayan asuba nakan kai shi wani kwari da suke ce wa wadi a bayan gari, inda akwai itatuwa masu kama da farar ƙaya. A nan da sanyi ake ruwa. Ciyawa ta tsiro, kare ya yi ta birgima, lokacin kurminmu yana bushe. Idan damina ta sauka a gida, nan ƙasa har ƙona tafin kare take yi.

A wannan zafin ne masu gidan ke tafiya hutu waje, su bar ni da kare. Saboda haka ijazata, wato hutuna na zuwa gida, kullum da ranin gida take faɗowa. Na manta ƙamshin ƙasarmu bayan ruwan farko.

Bana ƙanena Sani ya kira ni. Ya ce masu gawayi sun shiga kurmin, ɗorawa ta ƙare, sun fara kaɗanya. "Yaya, in kana son ganinsa da ganye, to wannan daminar ce." Na ce masa saura kaɗan. Sai da na kashe wayar na ji abin da na faɗa.

Washegari na sa farar jallabiyata, na jira kafili ya gama shan gahawa, na gaishe shi, sannan na roƙi ijaza cikin watan Yuli. Bai yi faɗa ba. Mamaki ma ya yi.

"To karen fa, ya Musa?"

Na daɗe ina zaton Iya kwaɗayi take ja mana kunne a kai. Yanzu ina ganin gawo ba kwaɗayi ya yi ba, akwai bakunan da ke jiransa, kuma ba shi ke yanke ranar dawowa ba. An rubuta mini ijaza a watan Janairu. Sani ya ce zai zo tasha ya tare ni, mu bi ta kurmin, in ga kututturai.