Tsiron Da Na Ce Mai Kirki Ne

Bana shekara hamsin ke nan da muka kai Yaya Isa makwancinsa. Ya rasu wata biyar bayan an sauke tutar Turawa, don haka lissafin ba ya ba ni wahala: shekarun da ƙasar nan ta yi tana koyon tsayawa da ƙafafunta, su ne ya yi a kwance. Masu rubutu a wannan shafi sukan jero halayen mamaci, su ce ya bar giɓi. Ni abin da na zo da shi ya fi haka nauyi. Kalma ɗaya na fassara ba daidai ba, ta ci ƙafafun yayana, daga baya ta ci shi ɗungurungum, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Tela ne a kasuwar Wunti, mai keken ƙafa. Ya girme ni da shekara tara, bai yi boko ba, amma bai taɓa auna mutum sau biyu ba. Ni kuwa a lokacin na fito daga kwalejin horon malamai, ina koyarwa a firamare, da gajeren wando da doguwar safa da alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu. Shi ya raɗa mini suna Ƙamus. In na ratsa ta rumfarsa sai ya ɗaga murya: "Ƙamus, zo ka gaya wa mutanen nan yadda ake cewa tazuge da Turanci." Ni kuma, don rashin wayo, sai in tsaya in gwada.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Ƙafarsa ta hagu ta riƙa zamewa daga kan matakin keken, ɗinki ya karkace, ya warware ya sake. Sai wani zogi ya kewaye masa haƙarƙari kamar an ɗaure shi da ɗamara. Wanzami ya yi ƙaho, an sha rubutu, an sha sassaƙe. Da ruwan farko ya sauka, ni na matsa muka tafi asibiti, domin ni ne mai zamani a gidan.

Likitan Bature ne, dogo, mai magana cikin hanci. Ya kwantar da Yaya, ya bi jikinsa da allura tun daga ɗan yatsan ƙafa yana tambayar inda yake ji, har ya kai wurin da Yaya ya zabura, ya ja layi da tawada a cikinsa. Akwai wani dattijon ma'aikaci da ke yi wa marasa lafiya tafinta. Ya matso, na ce masa ya huta, mun zo da namu ilimin. Har yau ina ganin yadda ya kalli safata kafin ya fita.

Likita ya ce yana zaton akwai tsiro a cikin ƙashin baya yana danne laka, kuma ba a iya wannan fiɗa a nan, sai a babban asibitin Kudu. Sai ya faɗi wata kalma, binain, ya rubuta ta a kati, ya ja mata layi, ya yi murmushi. Ya ƙara da cewa mu tafi ba da jimawa ba. Wannan ta ƙarshen na san ta sarai, 'yan aji uku ma sun san ta. Amma hankalina yana kan baƙuwar. Ya tambaya ko na gane. An ce matambayi ba ya ɓata. To ni ban tambaya ba. Na ce na gane, ranka ya daɗe.

Da la'asar na buɗe ƙaramin ƙamus ɗina na makaranta. Ga ta nan: mai kirki, mai sauƙin hali, mai taushin zuciya. Na rufe littafi ina jin daɗi kamar wanda ya ci jarrabawa. Abin da likita yake nufi shi ne ba ciwon daji ba ne, in an cire shi ya ciru ke nan, saboda haka a yi sauri tun laka ba ta mutu ba. Abin da ni na kai zaure daban.

Mahaifinmu ya ce, "To, Malam, me Bature ya gani?"

Na ce, "Tsiro ne, Baba, amma mai kirki ne. Ba ya cutarwa. Ya ce dai in an samu hali a je Kudu a cire."

Baba, wanda bai yarda a tsaga ɗan Adam da ransa ba, ya yi hamdala. Yaya ya kwashe da dariya ya ce, "Tunda mai kirki ne, ai zai yi mini haƙuri in gama kayan yaran nan." An ba shi aikin ɗinka rigunan da 'yan makaranta za su yi maci da su ranar 'yancin kai, kuma yana ji da wannan aiki kamar an naɗa shi sarauta. Ya cusa wasiƙar da likita ya ba mu ta zuwa Kudu a akwatin zare.

Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, in ji Hausawa, sai dai ba su faɗi cewa wani lokaci a wuyan ɗan'uwanka ake ɗaura shi ba. Da damina ta yi tsaka, Yaya ya koma dogara sanda. Ƙafar dama ta bi ta hagu, ya sa aka cire wa keken mataki aka sa masa mariƙin hannu. Ni nake ɗora shi a bayan kekena na hawa in tura zuwa kasuwa, ƙafafunsa suna reto kamar na wani. Ina gani. Kullum ina gani, ina ce wa raina littafi ba ya ƙarya. Kunyar in koma in ce wa Bature ban gane ba ta fi mini ganin yayana yana ja da gindi nauyi. Ranar 'yancin kai yara suka wuce da rigunansa suna rera waƙa, shi yana ɗaki, fitsari ya ƙwace masa karo na farko. Ya kira ni, ya ce a hankali, "Ƙamus, mutumin naka ya fara rashin kirki."

Muka hau babbar mota zuwa Jos, daga can jirgin ƙasa, ina goye da shi a kowace tasha. Likitan fiɗa ya buɗe wasiƙar, ya dubi kwanan watan da ke kanta, ya ƙirga da yatsunsa har ya cika hannu. Ya juyo kaina. Ya tambaya wane ne ya ce mu jira. Ya ce da mun zo a watan da aka rubuta ta, da mutumin nan zai koma gida da ƙafarsa. Ya daɗe yana magana, fuskarsa ta yi ja.

Yaya ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu."

Ya dube ni daga kan gadon. Ya ce, "Bature ya yanko yadi goma, ka miƙo mini ƙyalle. Ashe ba teloli kaɗai ke cin yadi ba." Bai ƙara tambaya ba. Fassarar farko kuskure ce. Wannan ta biyun da gangan na yi ta.

An yi aikin. An nuna mini abin a kwalba, bai fi dabino ba. Ya fita sumul, bai yi saiwa ba, bai bazu ba. Mai kirki ne kuwa, a yaren likitoci. Amma ya riga ya murƙushe laka, kamar dutsen da ya kwana wata biyar a kan shuka. Muka dawo Bauchi da tabon ɗinki a bayansa, wanda ya sa na kwatanta masa, ya ce aikin koyo ne. Gyambon kwanciya ya kama shi, zazzaɓi ya bi ta mafitsara, ya tafi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Zai yi dariyar telolin Kasuwar Muda Lawal da suka sayi keken lantarki suka zauna jiran wuta, suna hamma. Zai yi mamakin na'urar da ake zura mutum a ciki ta nuna laka kamar an buɗe littafi, da likitocin da suka sha nonon Hausa, waɗanda za su ce maka da bakinka, "Ba mugu ba ne, amma kada ya kwana." Ba ya buƙatar ƙane mai safa. Sai dai kuma zai ji a rediyo ana roƙa wa wani taimakon aikin ƙwaƙwalwa ko na baya, mako bayan mako, har a daina ambatonsa. Mu jahilci ya jinkirta mu. Su sun san komai, sun ga hoton abin da idonsu, kuma suna zaune suna kallon layin tawada yana hawa. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Kowa ya ce mini ajali ne, na kuma yi imani. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi direba yadda aka yi mota ta faɗi ba. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da Turanci, na buga yara da yawa a kan kuskuren nahawu, ban taɓa bugun wanda ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Wannan bai dawo da ko ɗan yatsa ɗaya ba.

Me ya rage na Yaya Isa? Rigunan sun yage tun tuni, keken an sayar, waɗanda suka san dariyarsa saura mu biyu ko uku. Abin da ya rage da gaske mace ce guda ɗaya, Dije, 'yarsa, wadda take rarrafe lokacin da shi ya daina tafiya. Yanzu kaka ce, tana zaune a Yelwa. Ni na riƙe ta, ni na aurar da ita, tana ce mini Baffa da bakin da ba ta ce wa kowa. Sau uku a rayuwarta ta tambaye ni me ya kashe babanta, sau uku na ce ciwon baya.

Dije ba ta karanta boko, amma jikokinta suna sayen jaridar nan. Ba na son a fassara mata ni. Kafin wannan shafi ya fito zan je in zauna a tabarmarta in faɗa mata da Hausa, tun daga dattijon da na kora har zuwa kwalbar, ba ragi. In ta yafe, ta yafe wa wanda bai cancanta ba. In ta tashi ta shige ɗaki, zan zauna a wurin har ta aiko a ce in tafi.