Idon Kyamarata a Ɗakin Goro

Maradi zuwa Wagadugu

Ana kiran assalatu na bar gida, jakata rungume a ƙirji. A cikinta akwai idon kyamarata, dogon nan da masu hoto ke ce wa objektif. Ni malamin makaranta ne, hoto sha'awa ce kawai, 'yan kokawa da tsuntsayen tafki nake ɗauka. To 'yata Hadiza ta ci jarrabawar makarantar ungozoma ta Damagaram, aka ce a biya kafin ƙarshen wata ko a ba wata gurbinta. A Maradi babu mai sayen irin wannan kaya. A Abijan kuwa, aka ce mini, masu hoton unguwar Treichville rububinsa suke yi.

Mun kwana a tashar Yamai kan tabarmar haya, sauro ya yi walima da mu. A kan iyaka yaron mota ya ce in miƙo jakata a ɗaure a sama.

"Ni za ka ɗaure a sama, ba ita ba," na ce masa.

Wagadugu zuwa Adjamé

Shinge kan shinge! A sauko, a nuna takarda, a ba da na shayi, a hau. Bayan Buwake wani mai kaki ya ɗaga idon yana juyawa, wai ko na bindiga ne. Sai da direba ya sa baki. Na shiga Adjamé, unguwar tasha a Abijan, da azahar ƙafafuna a kumbure, amma kayana ko ƙura bai taɓa ba.

Adjamé

Inna, mahaifiyata, ita ta ce in sauka wurin Alhaji Ɗanjuma, aminin marigayi babana, babban mai goro a bayan kasuwa. Ya karɓe ni hannu biyu, aka kawo aceke, dambun rogo, da soyayyen kifi. Ina wanke hannu ya miƙo nasa.

"Kawo kayanka, ɗana."

Kun san al'adar fatake. Baƙo ba ya kwana da hajarsa, ba ya shiga kasuwa shi kaɗai. Mai masauki ke karɓa ya adana, ya nemo mai saye, ya ci la'adarsa. Ka ƙi, ka ce masa ɓarawo ke nan.

"Baba, abin nan ba ya son ruwa, ba ya son laima," na ce.

"Kai, yaro! Tun kana cikin zanen goyo nake riƙon amanar mutane."

Na miƙa, raina bai so ba. Daga nan sai zaman jira. Yau Alhaji ya tafi tashar jirgin ruwa fitar da kaya, gobe ɗaurin aure, jibi ana ruwa. Kullum "gobe in Allah ya kai mu." Ina kwance ina jin ƙarar amalanke, wata na ƙarewa. Fiye da mako na yi a haka, ban ga jakata ba.

Ran da ya ga dama, ya buɗe wani ɗaki mai duhu. Sanyi da warin danyen ganye suka buge ni. Huhunan goro ne har rufi, ƙasa jiƙe sharkaf saboda yayyafin da ake musu safe da yamma kada su bushe. Ya cusa hannu tsakanin huhu biyu ya zaro jakata, duk ta yi fari-fari da fumfuna.

Inna lillahi!

Treichville

Muka shiga woro-woro, tasin haɗaka ke nan, muka haye gada. Mai sayen wani Musa ne, haifaffen can, mai shagon hoto, Hausarsa rabi Faransanci. Yana ganin idon ya yi fito. Ya cire murfin, ya fita ƙofa ya ɗaga shi sama.

"Mon frère, a ina ka ajiye wannan? Cikin rijiya?"

Ya ba ni na leƙa. Gilashin da nake gogewa da auduga shekara da shekaru ya yi hazo, wasu zare-zare kamar yanar gizo sun kama shi ta ciki.

"Champignon ne, fumfuna. Ya shiga ciki, c'est fini. Da lafiyarsa da yau ka koma da murna. Yanzu sai dai in cire ƙarafan."

Na juya ga Alhaji. "Baba, ban ce ba ya son laima ba?"

Wallahi ko gezau bai yi ba. "Duk gidana ba abin da ya kai goro daraja. Inda nake ajiye dukiyata nan na sa taka. Laifi ne?"

Me zan ce wa sa'an ubana a gaban mutane, ga abincinsa a cikina? Musa ya faɗi abin da zai bayar, bai kai ko rabin kuɗin makarantar ba. Kafin in buɗe baki Alhaji ya ce, "An sallama, Allah ya ba da riba." Ya kuma zare la'adarsa a nan take, wai don kada albarkar ciniki ta gudu.

Komawa gida

Alhaji ya raka ni tasha da ƙullin goro, ya ce in gai da Inna. Na sauka Maradi da la'asar, wa'adin ya wuce da kwana biyu. Hadiza ce ta taro ni a zaure da gudu, sanye da farar rigar makaranta da ta ɗinka da kanta don in gani. Ta dubi fuskata, ta karɓi jakata, ta ce, "Sannu da hanya, Baba." Da ta kawo mini ruwa ta riga ta sauya kaya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Inna ta ce dole in aika wa Alhaji godiyar karɓar baƙunci. Har yau ban aika ba.