Firjin Emilse a Ɗakin Ledys

"...ledar nan! Ke Ledys! Na ce kar ki kuskura ki ɓare masa ledar nan!"

Haka Emilse ta kwarma ihu daga bakin ƙofarta, ɗankwali ɗaure tamau a kan da ba sauran gashi, hannu ɗaya dafe da bango. Tsakar gida a cike take. Mata na shanya, tsofaffi na buga domino a gindin mangwaro, rediyon wani na ta ɓarin kiɗa. Kowa ya ɗago. Can tsallake, ƙofar Ledys a wangale, ga firji tsaye yana sheƙi, mai ƙofa biyu, ruwan toka, ita kuma Ledys ta sa farce a gefen ledar da ya zo da ita tun daga kanti.

"Comadre, ledar ta yi dauɗa," in ji Ledys. "Abin da ke ɗakina ai sai da tsabta."

"Ɗakinki? Ajiya na ba ki, ba gado ba! Ban mutu ba tukuna!"

"To ƙara murya, don a jiyo ki a ofishin gwamnati."

Nan Emilse ta haɗiye sauran maganar, ta koma ciki ta zauna a bakin gado tana huci.

Emilse ƙanwata ce. Ni ne yayanta Wilfrido, mai tura amalanke a kasuwar Barranquilla, kuma a gadon bayana firjin nan ya tsallaka tsakar gida. Yau bakina har kunne, shi ya sa na ce sai na ba da labarinta tun daga tushe.

A wani ƙauye bakin kogin Magdalena aka haife mu. Ledys maƙwabciyarmu ce, sa'ar Emilse. Ranar da suka fara karɓar jibin Ubangiji a coci, rigar Ledys da leshi har ƙasa, ta Emilse kuwa daga labulen mahaifiyarmu aka yanko ta. Tun daga ranar idon Emilse bai sauka daga kan Ledys ba. Ledys ta fi ta gashi, ta fi ta tsayi, in an yi rawa ita ake fara ja. Da suka girma suka shigo birni, Allah ya sake haɗa su a gidan haya ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa. Ledys ta auri Argemiro, mai aiki a tashar jiragen ruwa, albashi duk wata. Mijin Emilse kuwa ya tafi Panama neman aiki, har yau yana can yana nema. Duk da haka Ledys ce ta riƙe 'yar Emilse ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre, ko suna tsakiyar faɗa.

Emilse ta samu aiki a wani kamfanin ɓare jatan lande. Ɗakin sanyi, tsayuwa tun safe har yamma, yatsu duk sun tsattsage. Shekara da shekaru tana yi. Da guminta ta sayi fanka, ta sayi talabijin, ta sayi injin wanki, daga ƙarshe ta sayi firjin. Ranar da aka sauke shi, Ledys ta fito ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallo. Nata firjin tsoho ne, guntu, da robar taya ake ɗaure ƙofarsa. Emilse ta gaya mini ba ta taɓa yin barci mai daɗi irin na ranar ba.

Sai ga ƙullutu a mama. Likita ya ce ciwon daji ne. Inshorar lafiya ta wurin aiki ta ɗauki nauyi, aka yi mata tiyata, aka fara ɗura mata maganin nan na jijiya mai zubar da gashi. Ana cikin haka wa'adin aikinta ya cika, wanda dama shekara-shekara ake sabuntawa. Wannan karon ba a sabunta ba. Aiki ya tafi, bayan ɗan lokaci inshora ta bi shi. Ta je asibiti ranar ɗurin magani, yarinyar da ke taga ta duba ta ce, "Doña Emilse, sunanki ya fita." Doña ɗin nan a wajenmu kamar ka ce uwargida ne.

Abin da ya rage shi ne inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi. Amma tun lokacin da take aiki an rubuta ta cikin masu hali, sai ta nemi a sake zuwa a duba gidanta. Za a turo ma'aikaci, ba a faɗin rana. Kowa a unguwarmu ya san abin da ake yi in ana jiran mai dubawa: a kwashe duk wani abu mai sheƙi a kai maƙwabta. Ko da gaske suna ƙirga firji, ko ba sa ƙirgawa, ba wanda ya sani, ba kuma wanda ya taɓa yarda a gwada a kansa. Ɗakin da ke da fili da kwaɗo mai kyau a duk gidan kuwa ɗaya ne, na Ledys.

"Gara in mutu," in ji Emilse.

Na ce, "Ai hanyar kike kai, in kika ƙi."

Haka na kwashe kayan, tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

To daga nan ne fa aka shiga wani hali. Ledys ta fara daskarar da ruwan tsamiya a leda tana sayarwa, yaran unguwa na layi suna cewa, "Doña Ledys mai sabon firji." Da yamma matan gidan da a da suke cika ɗakin Emilse don kallon wasan kwaikwayo a talabijin, duk suka koma tsallake. Tana jiyo dariyarsu. Tana jiyo injin wankinta yana juya kayan aikin Argemiro masu baƙin mai. Da safe Ledys ta fito da kujera bakin ƙofa, ta saki gashin nan har gadon baya tana tajewa a hankali, kamar an sa ta.

"Dube ta, Yaya," Emilse ke ce mini. "Ko mura ba ta yi. Tana da katin asibiti na mijinta a jaka, shekara nawa, ko ciwon kai ba ta kai musu ba. Ni da nake buƙata ba ni da shi. Yanzu kuma har firjina."

"Abinci fa ta aiko miki, farfesun kifi da rogo."

"Da kifin da ta adana a firjina! Mayar mata."

Tana faɗa tana jawo kwanon. Tas take cinyewa.

Ranar ɗurin magani ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Hammatarta ta fara ciwo, ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Duk da haka har cewa ta yi in je in ɗauko mata kayanta, in ya so mai dubawa ya rubuta abin da ya ga dama. Na ce ta zaɓa, firji ko magani. Sai ta ce, "Ba za ka gane ba, Yaya. Shi kaɗai ne abin da na taɓa fin ta."

Mai dubawar ta zo da tsakar rana, ana tsananin zafi. Wata budurwa ce da hular hana-sallah da ƙatuwar waya a hannu, gumi ya jiƙa mata riga. Aka aika aka kira ni daga kasuwa. Ta shiga ɗakin Emilse ta duba: gado, kujera ɗaya, murhun gas, hoton Budurwa Maryamu a bango, tulun ruwa. A lungu ga shatin inda firji ya zauna, fes, ya fi ko'ina haske. Na ja kujera na ɗora a kai na zauna. Ta yi tambayoyinta, wa ke aiki a gidan, me ake ci, wa ke biyan haya. Emilse ta amsa da gaskiya, don a nan ba abin ɓoyewa: ba aiki, ni ke kawo ɗan abin da ya samu.

Da ta gama ta ce ko za a taimaka mata da ruwa. Emilse ta ɗebo na tulu, ɗumi kamar shayi. Sai ga muryar Ledys daga tsallake.

"Seño! Malama! Zo nan ki sha mai sanyi, kar zafi ya kashe ki a ɗakin nan!"

Budurwar ta tsallaka. Emilse ta lallaɓa ta fito bakin ƙofa. Ledys ta buɗe firjin gaba ɗaya, ƙofa biyun, sanyi na fitowa kamar hayaƙi, ta miƙa wa baƙuwa ƙanƙarar tsamiya.

"Kai, doña, wannan firji ya haɗu," in ji budurwar tana shafa shi. "Irinsa nake mafarki."

"Mijina ya saya mini ranar iyaye mata," in ji Ledys. "Ni fa ba na son kayan araha. Ledar nan ma ta ishe ni."

Ta kama gefe ta ja. Ƙyaaat! Tun daga sama har ƙasa.

"Ƙarya kike, Ledys! Nawa ne! Da yatsun nan na saye shi!"

Wani tsoho ya tsaya da ƙwayar domino a sama. Ni kuwa na zabura daga kan kujera na fito. Na ga fuskar Ledys ta faɗi, ledar na hannunta, ta gane ta wuce gona da iri. Amma kafin ka ƙifta ido ta dafe ƙugu ta sheƙe da dariya.

"Kin ji ko, seño? Kin ji da kunnenki? Haka nake fama! Matar nan tun muna yara take min baƙin ciki. Rigata ta coci ta ce tata ce. Mijina ma cewa take ita ya fara gani. Yau kuma firji. Gobe ta ce gashin kaina nata ne!"

"Gaskiya ne," in ji tsohon mai domino. "Hassadar Emilse ai har a ƙasan gada an san ta."

Matan shanya suka ɗauka. Wannan ta ce ta taɓa ƙin gaishe ta don ta yi sabon takalmi, waccan ta ce ko tukunyar wani ta fi tata ƙamshi sai ta rufe taga. Abin haushin, duk ba ƙarya a ciki.

Budurwar ta juyo. "Doña Emilse, naki ne?"

Emilse ta dubi firjin, tsirara ba leda, ya fi kullum kyau. Ta dubi Ledys. Bakin Ledys na murmushi, amma idanunta sun cika da ruwa, tana girgiza kai a hankali yadda baƙuwar ba za ta gani ba. Emilse ta dubi tsagaggun yatsunta.

"Nata ne," ta ce. "Baƙin ciki kawai nake mata."

Budurwar ta daɗe tana kallonta. Ta waiga ta kalli ƙofar ɗakin Emilse, inda kujerar da na tashi daga kai ta goce daga kan shatin. Ta tsotse sauran ƙanƙararta, ta danna wani abu a waya, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, doña." Ta fita.

Tana ɓacewa Ledys ta tsallako a fusace. "Bakinki zai kashe ki kafin ciwon, comadre!"

"Wa ya ce ki ɓare ledar?"

"Wa ya ce ki yi magana?"

Emilse ta rufe mata ƙofa a fuska. Daga ranar ba ta ƙara ce mata uffan ba, amma ba ta ƙara cewa in ɗauko kaya ba. Muka zauna jira. Ba mu san me budurwar ta rubuta ba. Emilse na ramewa, ni ina tura amalanke ina addu'a a kan hanya. Kullum da yamma Ledys ta ajiye ƙanƙarar tsamiya a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta tafi, don ta san yanzu ƙanƙarar kaɗai ce ke zama a cikin Emilse ba ta amayar ba.

Yau da hantsi ina zaune ina cin arepa mai ƙwai, wainar masarar garinmu, wayar Emilse ta yi ƙara. Ta kalli lambar, ba ta san ta ba. Ta ɗauka, ta sa yadda kowa zai ji. Ban san lokacin da Ledys ta tsallako ba, sai ganinta na yi a bakin ƙofa da matajin kai a hannu.

"Doña Emilse Cassiani?"

"Ni ce."

"Daga asibiti ne. Sunanki ya shigo a inshorar gwamnati. Ki zo ranar Litinin da safe a ci gaba da maganinki, kada ki ci abu mai nauyi."

Na jefar da arepa na daka tsalle. Ledys ta rufe fuska da gashinta ta fashe da kuka. Matar asibitin na ta cewa, "Kina jina, doña? Kina jina?"

"Ina jin ki, seño, na gode, Allah ya saka," in ji Emilse. Ta toshe bakin wayar da tafin hannu, ta dubi Ledys sama da ƙasa, ta dube ni.

"Yaya, je ka ɗauko min firjina."