Saƙon da Na Ƙi Kai wa Bature

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai ji da kansa, wanda bai mallaki komai ba sai wando biyu da bakin Faransanci. Bakatsine ne ni, amma a Maraɗi na tashi wurin kawuna, can aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, har na iya karatu da rubutu. Da labari ya bazu cewa kuɗin mai ya sauka a Gabon, ana gine-gine ana neman ma'aikata ko'ina, sai na bi sahun 'yan uwa, na sauka tashar jirgin ruwa ta Port Môle da 'yar jakata ban san kowa ba. Wani dattijo mutumin Damagaram ya ji ina tambayar hanyar masallaci da Hausa, ya karɓi jakata, ya tafi da ni ɗakinsa a unguwar Derrière la Prison. Wata huɗu ina kwana a tabarmarsa, ina sa hannu a kwanonsa. Baba nake ce masa, shi kuma ɗana yake ce mini. Shi ya kai ni inda yake aiki, wani babban siton kayan gini a unguwar Glass, ya tsaya mini aka ɗauke ni dako.

Mai wurin Bature ne ɗan Faransa. Siminti da rodi da kwanon rufi ba sa kwana a siton, jirgi na saukewa motoci na kwasa. Akasarin ma'aikatan Hausawa ne, Kanawa da Damagarawa da 'yan Garwa, kuma ba wanda Faransancinsa ya wuce na gaisuwa da ƙirga. Ranar da Baturen ya ji na gyara wa wani direba kuskure a takardar kaya, ya kira ni ofis, kafin la'asar na fito da rigar kaki da alƙalami a aljihu, an naɗa ni shef, wato shugaban ma'aikata, a kan mutanen da suka girme ni. Ba wanda ya yi mini hassada. Murna suka yi, suna cewa yau sun samu baki. Baba ya tara su a inuwar sito ya yi mini addu'a.

Akwai wata mata 'yar ƙasar da ke shugabantar ɓangaren fenti da tayil, Madam muke ce mata. Kusan kullum sai ta shiga ofis da ƙorafin mutanenta, ka ji Bature yana ɗaga murya, ita ma tana ɗagawa, ta fito tana huci. Ni kuwa na lura duk ranar da na shiga na ce komai lafiya, sai ya yi murmushi, ya buɗe firji ya miƙo mini lemo mai sanyi, ya ce da duk shef irina ne da ya huta. Wannan yabon ya shiga kaina. Tun daga nan na ɗauki wata mummunar hanya. Mutane su ba ni saƙo, kan ruwan sha, ko safar hannu don siminti yana cin tafinsu, ko a ƙara musu lokaci ranar Juma'a, in shiga in rufe ƙofa, in yi maganar yawan motocin da muka loda, in fito ina girgiza kai in ce Bature ya ce zai duba. Shi kuma ina gaya masa mutanena masu haƙuri ne, ba sa bukatar komai. Har dariya nake yi wa Madam a bayan idonta, ina cewa ba ta iya zama da manya ba.

A tsakiyar siton akwai injin ɗaga kaya mai sarƙa, kuma aikin Baba ne ya tsaya ƙarƙashinsa yana daidaita daurin rodi kafin a ɗora a mota. Wata rana ya ja ni gefe ya ce birkin injin ya fara zamewa, shi yana jin yadda kayan ke ɗan saukowa kafin su tsaya. Na ce zan faɗa, ban faɗa ba. A lokacin wani jirgi ya iso, kuma na riga na cika wa Bature baki cewa cikin mako guda za mu gama kwashe kayansa. Na ɗauka in aka ce gyara, aiki zai tsaya kwanaki, ni kuma in zubar da girmana. Bayan kwana biyu Baba ya kira ni cin tuwo a ɗakinsa, don tuni na kama nawa ɗakin mai fanka, ya sake maimaitawa. Na uku ya tare ni a bakin ofis, ya riƙe hannuna, ya ce mu shiga tare, ko da ishara ya nuna wa Baturen. Na ce masa Bature ba ya son a shigo masa da taro. Na shiga ni kaɗai, na sha lemona, na fito na dubi idon wannan bawan Allah na ce an riga an aika Faransa a kawo ƙarfen da ya lalace, ya ƙara haƙuri. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka. Edita, har yau in na tuna wannan albarkar sai abinci ya fita raina.

Da hantsi ne, an ɗauke ruwan sama ke nan, ina tsaye da takarda a hannu na ji ƙarar sarƙa tana warwarewa. Daurin rodin ya sauko gaba ɗaya. Baba ya yi tsalle, jikinsa ya tsira, ƙafarsa ta dama ba ta tsira ba. Mutane suka taru suna salati suna ɗaga ƙarafan da hannu. Ni da nake shugabansu na sandare a inda nake. Madam ce ta rugo daga nata ɓangaren, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa cinya, ta fita titin bakin teku ta tsaya gaban wata tasi har ta tsaya. A asibiti suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Rana ta uku Bature ya ce mu je dubiya, ni da shi da Madam, ni ne tafinta. Baba yana kwance ya rame, amma hankalinsa garau. Ya ce in gaya wa Bature bai riƙe shi a zuciya ba, abin da Allah ya rubuta ba makawa, sai dai sau uku yana aiko masa da maganar birkin nan, kuma yana roƙonsa don Allah kada a bar wani ya tsaya ƙarƙashin injin sai ƙarfen da aka aika nema ya iso. Ko a nan ina da damar in tuba, amma sai na ji bakina yana cewa da Faransanci wai tsohon ya ce laifinsa ne, shi ya tsaya inda bai kamata ba, yana kuma godiya da ziyara. A gadon da ke kusa akwai wani ɗan kasuwa mutumin Garwa da ake yi wa ƙarin ruwa, wanda ban ma lura da shi ba. Sai ya yunƙura ya zauna, ya ce wa Bature cikin Faransancin da ya fi nawa ba haka tsohon ya faɗa ba, ya jera masa maganar tiryan-tiryan. Sannan ya juya ya gaya wa Baba da Hausa abin da na ce da sunansa. Baba ya dube ni, sannan a hankali ya ce, “Ɗana, ashe saƙon bai taɓa shiga ofis ba?”

Na zaci kora ce, kuma da an kore ni da ya fi mini sauƙi. Bature ya zage ni a mota, washegari ya ce in koma bakin aikina, don ba shi da wani tafinta. Aka kira makaniki daga nan cikin Glass, ya fara da safe, kafin azahar ya gama gyaran birkin. Aikin rabin yini ne kacal na sayar da ƙafar mutum a kansa. Ma'aikatan ba su zage ni ba, ba su buge ni ba, Hausa kawai suka daina yi da ni. In na yi sallama sai su amsa da bonjur shef, su ci gaba da aikinsu. Saƙonsu kuwa wurin Madam suke kai shi, da guntun Faransanci da nuni da hannu, ita kuma ta shiga ta yi faɗan ta fito musu da amsa, mai daɗi ko marar daɗi. Ita ce ta dage sai da aka ba Baba aikin zama a bakin ƙofa. Sau ɗaya ta yi mini magana, ta ce ita ma ba ta jin daɗin tsawar Bature, amma don ta sha tsawar aka ɗora ta a kan mutane.

Wata biyu na iya jurewa, na ajiye rigar kakin na koma kasa kaya a kasuwa. Kafin nan na je wurin Baba na durƙusa ina kuka. Ya ce shi ya yafe, amma ba shi kaɗai na cuta ba, duk wanda ya taɓa gittawa ƙarƙashin injin nan yana da hakki a kaina, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutum huɗu na iya tunkara, kunya ta hana ni sauran, yanzu kuwa sun watse, wasu sun riga mu gidan gaskiya, har da shi Baban.

Na tsufa yanzu, ina da nawa masu aiki a ƙarƙashina, kuma abin da na gane shi ne ban taɓa dukan kowa ba, ban ci hakkin gumin kowa ba, amma na fi azzalumin shugaba cutarwa, domin shi an san halinsa ana kaffa-kaffa, ni kuwa an saki jiki da ni. Shi ma Baturen da nasa laifin, ya so jin daɗin kunne har bai taɓa tambayar dalilin da mutum talatin ba su da ƙorafi ko ɗaya ba. Duk wanda aka ɗora tsakanin na sama da na ƙasa, ina roƙonsa ya ji tsoron Allah ya kai magana yadda aka ba shi, ko za a ɗaure masa fuska. Kai kuma mai wuri, in shugaban ma'aikatanka kullum lafiya lau yake kawo maka, tashi ka zagaya da ƙafarka. Masu karatu, ku sa ni a addu'a, akwai mutanen da zan tsaya da su gobe kiyama waɗanda har yau ban nemi gafararsu ba.