Sunan da Datti Soja Ya Ɓoye a Rumbu

A Garo ta ƙasar Kabo, in ka ce Datti sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Datti Soja kowa zai nuna maka gidan. Shekara biyu ya yi a yaƙin basasa, ya dawo da ɗingishi da kunne ɗaya a toshe, ya kama noman dawa bai ƙara ɗaga kai ba. Tsofaffin sojoji akwai su da cika baki, shi kuwa in ka nemi labarin yaƙi sai ya tambaye ka ko ka gama nome gonar ubanka.

Abin da ko matarsa Hajaratu ba ta sani ba shi ne akwai bindiga a ƙasan rumbunsa, naɗe cikin tsohon bargo. Ta wani saurayi ce na ɗaya ɓangaren. Saurayin ya riga ya jefar da ita, ya durƙusa ya ɗaga hannu, duk da haka Datti ya harbe shi. Ya kwance ta gunduwa-gunduwa ya taho da ita gida cikin katifa, saboda akwai rubutun boko a jikin ƙarfen, shi kuma ya ɗauka sunan mai ita ne. Ai a garinsu ma mai keke a jikin kekensa yake rubuta sunansa. Datti bai iya boko ba, kuma bai bari 'ya'yansa sun gani ba, don in sun karanta za su yi tambaya.

Bara ciwon ƙirji ya sa shi gaba. Ya bi dangi da maƙwabta yana neman gafara, duk suka yafe, amma tsoron ya mutu da jinin saurayin nan ya hana shi sakat. Ya ƙudurta a karanta masa sunan, a kai wa 'yan kasuwar Sabon Gari a Kano, inda mutanen ɗaya ɓangaren suke da yawa, ko Allah zai sa a samu dangin yaron ya roƙe su.

Sai ya naɗe bindigar a tabarma ya hau mota zuwa Gwarzo, wurin Malam Mahbub, tsohon malamin makaranta mai tara takubba da hulunan ƙarfe da matattun bindigogi. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗa masa komai. Malamin ya goge tsatsar da kananzir, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, wannan ba sunan mutum ba ne. Tambarin masana'antar Turawa ne, da shekarar da aka ƙera ta. Irinta dubu nawa aka yi, duk haka aka buga musu."

"Sake dubawa dai, Malam."

Malamin ya juya ta ta ko'ina. Babu.

Datti ya jawo tabarmar ya fara naɗe bindigar. Can ya ce, "Yaron ya faɗa mini sunansa fa. Yana durƙushe yana bugun ƙirjinsa yana faɗa, har sau uku. Ni kuwa idona na kan bindigar."

Datti bai kai kaka ba ya rasu.